Labarin Zuciya a Tambayi Alƙalami: Daga Dostoyefski zuwa Gandoki

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka zo kan littafin *Gandoki* a ajin adabi, abin da ɗalibai suka fi faɗa shi ne wai littafin rabi biyu ne waɗanda ba su haɗu ba. Rabin farko tarihi ne tsantsa, da sunayen sarakuna da garuruwa da yaƙe-yaƙen da kowa ya san an yi su. Rabi na biyu kuwa tatsuniya ce, da aljannu da ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa. Sai a yanke hukunci cewa marubucin ya fara da gaske ya ƙare da wasa, ko kuma tarihin ne ya ƙare masa ya shiga cike takarda. Ni ma haka na ɗauka da farko.

Abin da nake son in nuna a wannan ɗan rubutu shi ne, wannan tsaga da ke tsakiyar littafin ba ta rasa dalili ba, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Dalilin yana cikin rayuwar Malam Bello Kagara, da abin da ya faru da garinsu yana yaro. Amma kafin mu kai can, sai mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan leƙa ƙasar Rasha, domin a kan wani marubucinta ne aka yi muhawara mafi shahara game da dangantakar rayuwar marubuci da littattafansa. Muhawarar nan za ta ba mu ma'auni, za ta kuma nuna mana ramin da ya kamata mu kauce wa.

Mutumin da aka kai bakin kabari aka dawo da shi

An haifi Fiyodo Dostoyefski a birnin Mosko a shekarar 1821. Ubansa likita ne a asibitin talakawa, mutum mai tsanani da saurin fushi. Da ya ɗan sami hali sai ya sayi gona a ƙauye tare da mutanen da ke nomanta, gama a Rasha ta wancan zamani ana sayar da ƙasa da manomanta, kamar dai rinji a nan ƙasarmu. Uwar yaron ta rasu a 1837. A 1839, yana ɗan shekara 17 yana makarantar injiniyoyin soja a birnin Fitasbag, sai labari ya zo masa cewa ubansa ya mutu a gona. Magana ta bazu a dangi cewa 'yan rinjinsa ne suka taru suka kashe shi saboda muguntarsa.

Bayan shekara goma, a 1849, aka kama shi tare da wasu samari masu taruwa suna karanta littattafan da gwamnati ta hana. Ranar 22 ga Disamba aka fito da su fili, aka karanta musu hukuncin kisa, aka ɗaure ukun farko a jikin turaku, sojoji suka saita bindigogi. A daidai nan aka tsai da abin, aka ce Sarki Nikolas na Ɗaya ya yi musu afuwa. Ashe tun farko shiri ne don a razana su. Aka tura shi Siberiya ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk da mari a ƙafa, ya ƙara wasu shekaru yana aikin soja na dole, bai dawo ba sai 1859. Ya rayu da ciwon farfaɗiya. Ya kuma faɗa wa caca ƙwarai, har yakan jinginar da kayan matarsa a garuruwan Jamus, bai rabu da ita ba sai 1871.

Duk waɗannan abubuwa sun fito a littattafansa ba tare da wani ɓoyo ba. Ya rubuta littafi a kan zaman kurkuku. Ya rubuta wani a kan ɗan caca, wanda ya shifta wa wata yarinya mai saurin rubutu cikin kwana 26 a 1866 don bashi ya matsa masa, ita ce kuma ya aura daga baya. A wani littafin tauraron mai farfaɗiya ne, yana kuma ba da labarin mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa aka fasa a mintin ƙarshe. Littafinsa na ƙarshe kuma mafi girma, *'Yan'uwa Karamazof*, wanda ya kammala a 1880, labarin wani mugun tsoho ne da aka kashe. Wanda ya yi kisan baransa ne mai farfaɗiya, wanda ake jin ɗansa ne na gaba da fatiha. Ɗan da aka ɗaure a kan laifin bai yi ba, amma ya sha faɗin zai yi. Wani ɗan kuma ya zauce don ya gane cewa maganganunsa ne suka ba baran ƙarfin gwiwa. Dostoyefski ya rasu a 1881.

Abin da Freud ya gani

Sigmund Freud likita ne a birnin Biyana, an haife shi a 1856 ya rasu a Landan a 1939. Shi ne ya kafa abin da za mu iya kira ilmin tonon zuciya. A taƙaice, ra'ayinsa shi ne zuciyar ɗan Adam kamar gida ce mai zaure da ƙuryar ɗaki. Abin da mutum ya san yana tunani shi ne na zaure. A can ƙurya kuwa akwai buri da tsoro da haushin da ya danne tun yana yaro don kunya ko don tsoron manya, har shi kansa ya manta da su. Akwai mai gadi a bakin ƙofa wanda ba ya barin su fito da kamanninsu. Saboda haka sai su sake tufafi su fito ta mafarki, ko suɓul da baka, ko wata cuta da likita ya rasa asalinta a jiki. Wata babbar dabararsu ita ce abin da Bahaushe ke cewa a bar jaki a bugi taiki, watau haushin da ba shi da halin sauka a kan mai shi ya sauka a kan wani.

A 1908 Freud ya rubuta maƙala yana kwatanta marubucin ƙagaggen labari da mai mafarkin ido biyu. Ya ce wanda ya ƙoshi ba ya irin wannan mafarki, sai mai wata buƙata da ba ta biya ba. Ya ce abin yakan haɗa lokaci uku: wani abu ya faru yanzu, ya tayar da wani tsohon abu na ƙuruciya, sai zuciya ta ƙaga labarin da buri zai cika a cikinsa. Ya ƙara da cewa jarumin da takobi ba ya kama shi a irin waɗannan labarai, marubucin ne da kansa a cikin rigar da yake sha'awa.

A 1928 ya ɗora wannan ma'auni a kan Dostoyefski. Ya ce yaron ya tsani ubansa har ya yi masa fatan mutuwa a ɓoye. Da aka kashe uban, sai fatan ya zama gaskiya, laifi ya kama shi kamar shi ya yi kisan. Farfaɗiyarsa, in ji Freud, ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ce, horo ne da yake yi wa kansa, yana faɗuwa kamar matacce don ya ɗanɗana abin da ya yi wa ubansa fata. Cacar ma horo ce, domin ba ya samun natsuwar rubutu sai ya yi asarar kome. Har ɗaurin da sarki ya yi masa ya karɓa ba gardama, don sarki uba ne, yana kuwa jin uba na bin sa bashi. *'Yan'uwa Karamazof* kuma ikirari ne, shi ya sa laifin ya game 'ya'yan, da wanda ya yi da wanda ya so a yi.

Inda ginin ya tsage

Bayanin yana da daɗin ji, ya kuma zauna daram kamar an auna. Sai dai masana tarihi da suka bi diddigi sun tarar da tushen ba ƙwari. Tun a 1930 wani Baturen Ingila, E. H. Carr, ya nuna cewa maganar da Freud ya dogara da ita, ta cewa ciwon ya samo asali tun ƙuruciya ko a lokacin mutuwar uban, jita-jita ce da aka yi ta kwafa daga littafi zuwa littafi. Daga baya Joseph Frank, Ba'amurken da ya rubuta tarihin Dostoyefski cikin juzu'i biyar, ya nuna cewa wasiƙun mutumin da kansa suna nuna a Siberiya farfaɗiyar ta bayyana sosai. Wannan kuwa kishiyar abin da Freud ya so ne, gama a lissafinsa kamata ya yi ciwon ya lafa a kurkuku tun da horo ya samu daga waje. Daɗin daɗawa, ɗan Dostoyefski mai shekara uku ya mutu da farfaɗiya a 1878, abin da ke nuna ciwon na jiki ne mai bin jini. Kai, kisan uban ma akwai shakka. Takardun hukuma da aka tono a 1975 sun nuna likitoci biyu sun duba gawar sun ce shanyewar jiki ce ta kashe shi, har yau kuma masana ba su daidaita a kan maganar ba.

To, darasi biyu ke nan. Na farko, gaskiya ne rayuwa tana shiga littafi, wani lokaci ta ƙofar gaba, wani lokaci ta katanga. Na biyu, wanda zai tona zuciyar marubuci ya fara da tabbatar da tarihinsa, in ba haka ba zai ƙaga wa marubucin rayuwa daga cikin littafin, sa'an nan ya dawo ya ce rayuwar ce ta haifi littafin. Da wannan guzuri sai mu komo gida.

Faɗuwar Kwantagora

Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kwantagora, ya riƙe sarautar Sarkin Sudan har ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim, wanda shi ma ake kira Nagwamatse, ya hau a 1880. Mayaƙi ne na gaske, kuma babban mai kamun bayi. Ya addabi ƙasar Gwari da Kambari, hare-harensa sun kai Birnin Gwari da yammacin Zazzau. Shi ne aka ruwaito ya kwatanta kansa da kyanwa da ɓera, ya ce da bawa a bakinsa zai mutu.

A farkon shekarar 1901 sojojin Lugga suka ci Kwantagora, suka wuce suka ci Bida. Ibrahim ya fita da jama'arsa, maza da mata da yara da malamai, suka yi arewa maso gabas. Ya zauna a yammacin ƙasar Zazzau yana kai hari, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa. A 1902 Kyaftin Abadie ya kama shi a Kaya, kusa da Maska. Mu mutanen kudancin Katsina ya kamata mu lura da wannan, domin a bakin ƙofarmu abin ya ƙare. Daga Maska zuwa ƙasar Faskari da Sabuwa ba wata tafiya ba ce, Birnin Gwari kuwa maƙwabciyarmu ce. Turawa suka tsare shi na ɗan lokaci, suka mayar da shi Kwantagora a 1903 ya zama sarki a ƙarƙashinsu. A shekarar nan ce Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da ɗimbin jama'arsa.

A cikin waɗanda suka fita Kwantagora tare da Nagwamatse akwai wani malami, Malam Shehu Usman, da iyalinsa. A cikin iyalin akwai yaro mai suna Bello, wanda aka haifa a 1890. Ke nan yana wajen shekara 11 ya ga an watse, ya ga sarkin da ake jin tsoro ko'ina ya ba da baya, ya ga ubansa da sauran manya ba su da abin yi sai gudu. Da ƙura ta lafa iyalin suka koma, uban ya zama alƙalin Kagara. Yaron ya yi karatun Muhammadiyya, sa'an nan ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano, wadda aka buɗe a 1909. Ya koyar a Zariya, ya koma Kwalejin Katsina yana koyar da Larabci da addini, daga baya ya zama Walin Katsina. Ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu a 1971. Watau yaron da ya gudu daga Turawa, a cikin makarantunsu ya yi yawancin aikinsa, ya kuma sami girma da daraja a tsarin da suka kafa.

Gandoki a kan ma'auni

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka yi gasa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, *Gandoki* na Bello Kagara, *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida da East. Malam Bello yana da shekara 43 a lokacin, ya girmi Imam da Ɓalewa da fiye da shekara ashirin, ya kuma ga zamanin da su ba su gani ba.

Mu duba lokutan nan uku na Freud. Abin yanzu: Bature ya zo ya ce a ba shi labari. Abin ƙuruciya: gudun 1901. Da ya ɗauki alƙalami bai tafi ko'ina ba sai Kwantagora. Ya ƙagi Gandoki, barden da ba ya ja da baya, ya sa shi a tsakiyar yaƙe-yaƙen da aka yi da gaske. Abin lura shi ne a wannan kashi bai taɓa tarihi ba. Gandoki yana sara yana kirari, amma garuruwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka faɗi, har aka kai Burmi. Marubucin bai iya ba Gandoki nasara a nan ba saboda dalili biyu. Masu karatunsa sun san yadda aka yi, wasunsu ma da su aka yi. Wanda kuma zai duba littafin ya buga shi, Bature ne ma'aikacin gwamnatin da ta ci yaƙin.

Daga Burmi ne littafin ya sake fata. Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka tsira suka yi gabas, suka sauke farali, suka faɗa ƙasashe masu nisa da duniyar aljannu. A can ba igwa, ba bindiga mai ruwa. Takobi da ƙarfin zuciya da addu'a sun koma suna aiki kamar da. Duk rundunar da ta tare su sai ta watse, sarakuna suna miƙa wuya, ana shiga Musulunci. Duk abin da ya gagara a Kwantagora da Bida da Burmi ya yiwu a can. An bar jaki an bugi taiki ke nan: saran da aka yi niyya a kan masu jajayen kunnuwa, aljannu da arnan ƙasashen ƙage suka sha shi.

Akwai kuma wani abu da ban ji ana yawan ambata ba, shi ne zaman Garba Gagare a littafin. Me ya sa jarumin bai tafi shi kaɗai ba, sai da ɗa a gefensa? A 1901 an yi wani ɗa da ya bi ubansa a hanyar gudu, ba shi da ƙarfin da zai taimaka da kome. A cikin littafin an sake tafiyar, uba da ɗa, amma wannan karon uban ba ya tsoron kowa, ɗan kuma yana yaƙi kafaɗa da kafaɗa da shi. Ina ganin idan akwai inda Malam Bello ya ɓuya a littafinsa, to ba a cikin Gandoki kaɗai ba ne, har da Garba Gagare. Wannan fahimtata ce, ba shi ya faɗa ba, amma ta dace da tarihin da muka tabbatar.

A ƙarshe Gandoki ya dawo gida ya tarar zamani ya sake, mulkin Turawa ya kafu, ya rataye takobi ya koma ba da labari. Mai mafarki ya farka ke nan, malamin Kwalejin Katsina ya ajiye alƙalami ya shirya zuwa aji. Don haka tsagar da muke gani a tsakiyar littafin ita ce tsagar da ke cikin rayuwar mutanen zamaninsa, waɗanda aka haifa a wata duniya suka yi aiki a wata.

A nan ne kuma nake ganin ya kamata mu gyara wa Freud zama. Shi kullum a cikin ɗaki yake neman ciwo, tsakanin ɗa da uba da uwa. Ciwon da ke cikin *Gandoki* na gari ne gaba ɗaya, yaron bai tsani ubansa ba, gani ya yi an karya uban da sarkin uban. Mai gadin da ya hana burin fitowa a fili shi ma ba a zuciya kaɗai yake ba, yana da ofis da tebur a Zariya.

Shaidu biyu

Don kada mu faɗa ramin da Freud ya faɗa, bari mu gwada ma'aunin a kan ƙanen Malam Bello. Abubakar Imam ɗan Malam Shehu Usman ne shi ma, an haife shi a Kagara a 1911, shekara goma bayan gudun. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta *Ruwan Bagaja*. To, a farkon wannan littafi akwai kisan uba ƙiri-ƙiri: agola Saƙimu ya kashe mahaifin Alhaji Imam, tauraron da marubucin ya ba sunansa. Da Freud ya ga wannan da ya yi tsalle. Amma ba wanda ya kashe alƙalin Kagara, shi ya haifi Imam ya fara karantar da shi. Manazarta sun kuma nuna cewa da yawa daga kayan littafin aro ne, daga *Muƙamatul Hariri* da tatsuniyoyin Turai. Ashe ba duk abin da ke cikin littafi ne ya fito daga ƙuryar zuciya ba, wani daga kan kantar littattafai ya sauko.

Abin da ya fi kama da Imam a littafin wani abu ne daban. Tafiyar Alhaji duka don ya wanke Liman ce, malamin da aka kunyata a gaban sarki, makaminsa kuwa wayo da baki. Haka a *Magana Jari Ce* aku ne ya zama waziri da harshensa. Wanda ya rubuta su shi ne ya zama editan *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a 1939, ya je Ingila a 1943 ya gana da Lugga ya faɗa masa damuwar Arewa. Gida ɗaya, uba ɗaya: wan da ya ga yaƙi ya yi mafarkin takobi, ƙanen da ya taso bayan an gama ya yi mafarkin magana.

Shaida ta biyu ita ce *Shaihu Umar*. Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, ba ɗan sarauta ba ne, ubansa yana cikin masu yi wa hakimi hidima a ƙasar Bauchi. Labarinsa na yaro ne da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa bauta aka ƙetara Sahara da ita, ba su sadu ba sai tana bakin mutuwa. Ba a sace Ɓalewa ba, bai kuma rasa uwarsa yana yaro ba, saboda haka ba mu da ikon ƙaga masa wannan ciwo. Abin da za mu iya cewa shi ne daga ƙasa ya kalli zamanin da Gandoki ya kalla daga kan doki. Harin da yake abin kirari a wancan littafi, a wannan kuka ne. Wannan ya tuna mana cewa faɗuwar Nagwamatse, wadda ta zama tabo ga yaron Kwantagora, sauƙi ce ta zo wa ƙauyukan da yake kamawa. Shi kuwa Ɓalewa, shi ne ya miƙe a Majalisar Arewa a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e don talaka ya sami bakin magana.

Kammalawa

Hanyar Freud fitila ce mai amfani muddin tarihi ne ke riƙe da ita. A kan Dostoyefski ya ga abu na gaske, watau nauyin laifi da ya cika littattafan, amma ya gina bayaninsa a kan labarin da bai tabbata ba. A kan *Gandoki* muna da sa'a, domin abin da ya faru a 1901 ba jita-jita ba ne, kuma inda littafin ya bar tarihi ya shiga mafarki shi ne daidai inda tarihin ya gagara haɗiyuwa.

Maganar ba ta tsaya a kan mutanen da ba. Dajin nan da ya haɗa Birnin Gwari da Sabuwa da Faskari, wanda ya ga mahaya a ƙarni na 19, ya sake ganin wasu a kan babura. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji, aka sako su bayan kwana shida. Ban da su, akwai yaran ƙauyuka da yawa da suka gudu da dare a bayan iyayensu, suka ga ubanninsu ba su da abin yi, wasunsu sa'o'in Bello ne na 1901. Shi sai da ya shekara 32 kafin abin ya fito ta bakin alƙalaminsa, ya kuma fito da rigar aljannu. A cikin yaran nan akwai waɗanda za su yi rubutu wata rana, watakila su ma ba za su kira abin da sunansa ba. Ya rage gare mu ɗaliban adabi mu adana tarihin yadda ya faru, da ranaku da wurare, don in littattafansu sun zo a karanta su da sani, kada a ce musu sun fara da gaske sun ƙare da wasa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, amin.